Gangar Garu a Ƙofar Taubashina

Ni ba mai karatu ba ne. An kai ni allo ina yaro, na yi shekara uku ina wanke shi, abin da ya zauna a kaina bai wuce na yin salla ba, sai ɗan rubutun nan mai kama da sawun kaji a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Malamin da ke maƙwabtaka da ni ya ba ni takarda da tawada, yana zaton tuba zan rubuta. Bai yi nisa da gaskiya ba. Labarin kiɗa zan rubuta, da yadda na rasa taubashina tun yana da rai, kuma ni na jawo.

Abin ya faru tun kafin Nasara ya zo ya raba mu da Ƙwanni. A lokacin mutum kan tashi daga Illela ya bi ayarin Azbinawa, arewa ko kudu, ba mai tambayarsa ina za shi. Kiɗa yana nan a garin, amma zamansa irin na ɗan da uba bai gama yarda da shi ba. Lokaci-lokaci sai manzo ya zo daga Sakkwato, a tara mu a ƙofar hakimi, a karanta mana cewa an hana goge, an hana maza da mata cuɗanya a wurin wasa. Mu ce mun ji, mun bi. Bayan wata biyu ko uku sai ka ji goge ya fara gyaran murya can bayan kasuwa, a hankali, kamar mai leƙen ko maigida ya fita.

Wurin da yake gyaran muryar shi ne gindin wata tsamiya, bayan rumfunan mahauta. Ranar kasuwa, da an yi la'asar, nan za ka same ni. Wurin yana warin jini da kashin raƙuma, ƙuda kuwa sun fi mutane yawa, amma ban taɓa zama inda ya fi shi daɗi ba. Akwai wani mai goge Ba'adare mai ido ɗaya, yakan biyo ayarin gishiri. Ba ya gaida kowa. Zai zauna ya shafa ƙaro a izgarsa, ya daɗe yana shafawa har mutane su fara tsaki, sannan ya ja sau ɗaya. Wannan ja ɗayan nake jira tun safe. Sai ka ji kamar wata mata tana kiran wani daga bakin rijiya mai nisa, ba ta kuma sa ran zai amsa. Matarsa na gefensa tana buga ƙwarya, fuskarta a murtuke kamar an yi mata dole. Waƙarsa duk ta tafiya ce, ta mutanen da suka bar gida ba su komo ba. Ni da ban taɓa wuce Amarawa da nisa ba, sai in zauna ina hawayen garuruwan da ban sani ba.

Taubashina ba ya zama a wurin. In ya biyo ta nan, sai ya tsaya da kwasa, fartanyar nomansa, a kafaɗa ya dube ni, ya ce, “Kiɗin marasa gona. Zauna nan, malalaci, har tsamiya ta haihe ka.”

Ni ɗan namiji ne, shi ɗan ƙanwar ubana, don haka bawana nake ce masa, shi kuma tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai malalaci. Ko a gaban surukaina haka yake faɗa. Ko ranar da aka binne uwata, da ya zo ya dafa ni, cewa ya yi, “Yi haƙuri, malalaci.” Da ya ce da ni wani abu daban a ranar, da na san duniya ta juya.

Kuma bai yi mini ƙarya ba. Shi manomi ne na gaske, irin wanda ake aikowa tun daga Lafani a roƙe shi ya je gayya. Ni kuwa in aka yi gayya, aikina shi ne raka mata masu ɗauko fura, don kada kura ta tare su da rana tsaka.

Kiɗan da shi yake so ɗaya ne tak: gangar noma, ita ma sai ta wani makaɗi na ƙauyen Garu. Wannan kiɗan malamai ba su cika tsananta masa ba, tun da su ma hatsi suke ci. Ga wanda bai sani ba, kowane manomin kirki yana da takensa, wato ɗan kiɗan da makaɗi ya yi masa shi kaɗai. Ganga ce ke faɗin maganar, kowa kuma ya san abin da take cewa. In an kaɗa takenka a gona, sai ka miƙe ka yi kirari, ka shiga aiki har sai an riƙe ka. Taken taubashina cewa yake: tashi ka riga rana gona, kada rana ta iske ka a ɗaki.

Na ga abin da wannan kiɗan yake yi masa sau da yawa, amma na wata gayya a Lafani ya fi zama mini a ido. Gona ce mai faɗi, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ƙamshi. Manoma sun jeru, makaɗin Garu yana bin bayansu da gangarsa mai girman turmi. Ya bi taken kowa ɗaya bayan ɗaya, ya bar na taubashina sai da rana ta yi tsaka, kowa ya fara duban inuwa. Da ya saki taken, na ga tsokar bayan mutumin tana rawa ita kaɗai. Ya jefa kwasa sama ya cafe, ya yi kirari da muryar da ta sa jakan da ke ɗaure bakin gona suka ɗaga kunne. Sannan ya sunkuya. Ƙasa na tashi ta bayansa, mutum uku na gefensa suna ƙoƙarin kamo shi, ba su kamo ba. Ni ina ƙarƙashin gawo da ludayi a hannu, na manta ban kai shi baki ba.

Ni ma makaɗin ya yi mini take, don kada in ce an ware ni. Nawa cewa yake: ga mai gadin fura nan, kowa ya riƙe ludayinsa. In ya kaɗa shi sai in miƙe in yi kirari da ƙwarya a ka, mata su yi ta dariya har su zauna a ƙasa. Ban taɓa jin haushi ba. Mutum nawa ne a Illela ganga ta san su?

Haka muka shekara da shekaru muna gardama, ni da bawana. Ni in ce goge ya san abin da ke cikin mutum. Shi ya ce goge sa mutum yake ya zauna, ganga kuwa tashe shi take. Inda muke shiryawa kawai fagen damben Amarawa ne da kaka, inda kalangu ke zuga samari su fasa wa juna baki. Nan kam kafaɗa da kafaɗa muke zama, muna cin gyaɗa ɗaya, kowa na zagin ɗan damben ɗan'uwansa.

Sai tsufa ya zo, ya fara ɗauke abubuwa ɗaya-ɗaya. Mai goge ya bi ayari wata shekara bai komo ba. Aka sare tsamiyar aka yi turame da ita. Makaɗin Garu kuma ya tuba. Wani malami mai wa'azi ya sauka garinsu ya yi kwana bakwai, ranar da zai tafi makaɗin ya je gabansa ya yi alkawari ba zai sake taɓa ganga ba. Bai fasa ta ba dai. Ya naɗe ta a tsohuwar tabarma ya rataye a cikin rumbu, ya koma saƙar igiya a ƙofar gida.

Bayan wannan da damina uku, taubashina ya faɗi a bakin rijiya. Aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kira wanzami ya yi ƙaho. Ya rayu, amma bai sake tsayuwa ba.

Kullum da hantsi nakan je. Matarsa ta shimfiɗa mini buzu kusa da gadonsa, in ce, “Bawana, har yanzu kana kwance? To yau wa am malalaci?” Sai ya tattara bakin nan nasa da ƙyar, kamar mai ɗaga dutse, ya ce, “Kai na.” Wani lokaci kalmar ta fito duka, malalaci, a jiƙe da yawu. In ta fito, ranar nakan ci tuwo da daɗi.

Ba abin da nake yi masa sai kiɗa da baki. Muryata kamar ta jakin da aka hana ruwa, amma da ita nake kwaikwayon mai goge, in toshe ido ɗaya, in shafa ƙaro a sanda har ya gaji ya bugi gado da hannunsa mai lafiya. In yi masa kalangun Amarawa a kan cikina. In tuna masa shekarar da ɗan dambensa ya faɗi tun kafin a gama ɗaure masa hannu. Yakan yi dariya da rabin fuska. Abu ɗaya ne ban taɓa yi masa ba, takensa. Ban san dalili ba a lokacin. Jikina ya fi ni hankali.

Da damina ta sake faɗuwa aka shiga noman fari, sai ya canza. Yana jin mutane suna wucewa ta bayan danga da sassafe, kwasa na ƙara a kafaɗunsu. Ya rage cin abinci. In na yi goge ba ya bugun gado. Wata rana ina cikin surutuna ya katse ni, ya ce, “Gangar nan... tana nan?”

Na ce, “Tana cikin rumbu, ɓeraye na karatu a kanta.”

Bai yi dariya ba. Ya rufe ido.

Tambaya kawai ya yi. Yau na san haka. Amma a ranar na fito daga gidan ina jin kaina wani babban boka. Na ce a raina, rubutu ya kasa, ƙaho ya kasa, to ni na san abin da ke tashe shi. Na ga tsokar bayansa tana rawa ba da izininsa ba. In ganga ta kira, jikin nan zai amsa ko ya so ko bai so ba.

Washegari na hau jaki na tafi Garu. Na iske makaɗin a ƙofar gida, igiya a ɗaure a babban yatsan ƙafarsa yana murzawa. Ya tsufa ƙwarai. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, “Ka san na yi alkawari.”

Na ce, “Baba, magani na. Ko malam ba ya hana magani.”

Ya ci gaba da murza igiya. Can ya ce, “Bar zancen malam, wannan tsakanina da Allah na. Akwai wani alkawari da ya riga wannan. Mu ba mu kaɗa ma kwantacce take. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Take kira na. Ba a kiran mutum gaban jama'a sai an san yana iya amsawa. Yana tashi?”

Nan ne wurin. Na sha yin ƙarya a rayuwata, ta fura, ta ciwon baya ranar gayya, ta inda na yi kwana biyu. Duk ba wadda ta fito mini da sauƙi kamar wannan.

Na ce, “Yana tashi mana. Da sanda yaka zagaya gida. Shi da bakinai yac ce in kira ka.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya san ni sarai, shi ya yi mini taken fura. Amma ina jin hannunsa ma yana ƙaiƙayi shekara huɗu. Ya kwance igiyar daga yatsansa.

Kwana biyu ya yi yana gyaran fata, yana shanya ta yana ja. Rana ta uku da hantsi muka shigo Illela, ganga a kan jakina, mu biyu a ƙasa. Ban gaya wa matar taubashina ba, don na san za ta hana. Kafin mu kai ƙofar gidan mutane sun biyo mu, waɗanda ba su tafi gona ba, tsofaffi da mata da masu dawowa daga rijiya. An daɗe ba a ga gangar Garu ba. Ni ina gaba ina washe baki kamar ni na haife ta.

Makaɗin ya rataya ta, ya gyara tsayuwa, ya ɗan taɓa ta sau biyu don ya ji muryarta. Sannan ya saki taken.

Ban taɓa jin ta yi daɗi kamar ranar ba, wannan ma sai na faɗa. Tashi ka riga rana gona. Tsofaffin da ke wurin suka fara gyaɗa kai, wata tsohuwa ta yi guɗa. Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa. Ni ina kallon ƙofar zaure, ina jiran in ga mutum a tsaye.

Sai muka ji wani abu ya faɗi a cikin gida, da muryar matar taubashina tana cewa, “Bari, don Allah bari.” Ganga ba ta tsaya ba, don makaɗin bai ji ba. Aka ɗan jima. Sannan taubashina ya fito.

Da ciki ya fito. Yana jan jiki da gwiwar hannu ɗaya, kwasarsa a cikin wannan hannun, tana karo da ƙasa duk ja ɗaya. Ƙafar dama na biye da shi kamar ba tasa ba. Zanen da aka rufa masa ya saɓule ya tsaya a bakin zaure, matarsa na binsa da shi tana kuka tana ƙoƙarin rufa masa. Goshinsa ya fashe wurin faɗowa daga gado. Ya kai dokin ƙofa ya dafa kwasa zai miƙe, ya koma. Ya sake, ya koma. Sai ya ɗaga kai daga nan ƙasa ya buɗe baki zai yi kirari.

Kowa a wurin ya san kirarin nan, da mun iya faɗa masa shi. Abin da ya fito wani gurnani ne da yawu. Ya sake gwadawa. Mutumin da jakuna ke ɗaga wa kunne.

Gangar ta tsaya a tsakiyar magana.  Mata suka ja mayafi suka juya baya. Maza biyu suka zo suka ɗauke shi, bai saki kwasar ba, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Da za su shiga da shi idonsa ya biyo ta kan mutane ya same ni. Ba harara ba ce. Dubana kawai ya yi, kamar yana so ya tabbatar.

Makaɗin ya sauke gangar a hankali ya ajiye ta a ƙasa. Ya ce da ni, ba da ƙarfi ba, “Da sanda yaka zagaya gida.”



Ya ƙara da cewa, “Na karya alkawarin Allah, na karya na ubana, duk da hantsi guda. Kai ko ko gumi ba ka yi ba.” Ya zaro 'yar wuƙar da yake yankan igiya da ita, ya tsaga fatar gefe da gefe, ya juya ya tsaga ɗayar. Ya bar kwangon a nan ƙofar gidan ya kama hanyar Garu da ƙafa. Na bi shi da jaki ina roƙo ya hau, bai waiwayo ba. Ban sake ganinsa ba. Kwangon ya daɗe a wurin, daga baya na ga wata maƙwabciya tana zuba wa kaji dusa a ciki.

Kwana uku ban iya zuwa gidan ba. Rana ta huɗu na je da hantsi kamar yadda na saba. Matarsa ba ta hana ni shiga ba, ba ta kuma shimfiɗa buzu ba. Na lura an fitar da kwasar daga ɗakin, inda take jingine tun ranar da ya kwanta. Ta ce shi ya nuna a fitar.

Na tsuguna a bakin gado. Na yi niyyar in ba da haƙuri, na shirya maganar tun a hanya. Amma bakina bai san wannan hanyar ba tsakanina da shi, shekara hamsin ba mu taɓa bin ta ba. Abin da ya fito shi ne, “Bawana, ashe kana iya rarrahe.”

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya kwaɗa mini a fuska. Ya juyo da kai a hankali, ya tattara bakinsa, ya daɗe yana tattarawa, kuma maganar ta fito sarai fiye da duk wadda ya yi tun da ya faɗi.

Ya ce, “Sannu da zuwa, malam.”

Malam. Ni. Yadda ake gaida baƙon da ya sauka a zaure ba a san daga inda ya fito ba.

Na ci gaba da zuwa har gero ya yi kai. Na yi masa goge, na toshe ido, na buga cikina. Na tsokane shi da duk abin da na sani, har da abin da bai kamata ba, ko zai fusata ya manta ya kira ni da sunana. Kullum in na shiga sai ya ce sannu da zuwa, malam. In zan tafi ya ce a sauka lafiya. Bai taɓa ƙin amsa mini ba, bai taɓa ɗaure fuska ba. Ya rasu kafin a yanke geron.

Yanzu shekaru sun yi yawa. Waɗanda suka san takensa duk sun tafi, sai ni. Samarin yanzu suna da nasu makaɗan, wasu har daga hayin iyaka suke zuwa, an ce suna da daɗi. Ba na zuwa. Wani lokaci ina zaune a masallaci ina jiran liman, sai in ga yatsuna suna kaɗa shi a kan gwiwa ba da sanina ba, sai in danne hannun a ƙarƙashin cinya.

Mutanen unguwa kuma, da suka ga furfura, suka ga ina zama da takarda a ƙofar gida, duk sun koma kirana malam. Ina amsawa.